Albarushi da Harsashi: Tarihin Bindiga Daga Ribaɗin Wurno Zuwa Dajin Gundumi

Yau ina roƙon masu karatu su yi mini haƙuri, mu ɗan jingine labarin soyayya da rikicin kishiyoyi, mu leƙa tarihi. Dalili kuwa shi ne akwai wani abu da na daɗe ina lura da shi a littattafanmu na yaƙi da jarumtaka, har ma da wasu finafinan tarihi. Da zarar marubuci ya tashi siffanta rundunar zamanin Shehu ko ta Sarkin Musulmi Bello, sai ya damƙa wa kowane dakare bindiga, a yi ta ruwan wuta kamar a fim ɗin Indiya. Wani ma jarumin nasa zai hango abokin gaba daga kan ganuwa, a tazarar da ko launin rawaninsa ba a iya rarrabewa, ya ɗana, ya auna, ya same shi a tsakar goshi. Labari kam ya yi daɗi, sai dai tarihi bai yarda ba.

Abin da nake son bin diddiginsa shi ne yadda bindiga ta shigo gabashin ƙasar Sakkwato, wato yankin Wurno da Rabah da Goronyo, da irin matsayin da ta riƙe a kowane zamani. Gyaran alƙalamin marubuta ƙaramin dalili ne. Babban dalilin shi ne duk mai ɗan'uwa a waɗannan garuruwa ya san yau maganar bindiga magana ce ta ko manomi zai je gona ya dawo gida. Ra'ayina kuma, wanda zan yi ƙoƙarin kafa masa hujja, shi ne tun zamanin Bello har gobe, wanda ke riƙe da hanyar albarushi da harsashi shi ke da ƙarfi, mai riƙe da ƙarfen bindigar yana bayansa.

Sunayen ma sun tona asirin inda kayan suka fito. Bindiga daga Larabci take, bunduƙiyya. Albarushi daga al-barud. Harsashi kuwa daga ar-rasas, wato darma, domin da darma ake zuba shi tun asali. Ke nan ta hamada suka fara iso mu a hannun fataken Larabawa, kafin Turawa su ɓullo ta teku. Barno ta riga mu nesa ba kusa ba, domin tun ƙarni na 16 Mai Idris Aloma yana da 'yan bindiga waɗanda Turkawa suka horar, kamar yadda limaminsa Ibn Furtu ya rubuta. A Kano kuwa, tarihin sarakunanta ya nuna Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Mai karatu ya lura da kalmar: masu tsaron sarki. A wancan lokaci bindiga ta fi kusa da kakaki da tambari, ana buga ta a san sarki ya fito, doki ya zabura, talaka ya sha jinin jikinsa.

Da aka zo jihadi, baka ce ta yi aiki. A Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, jama'ar Shehu dawakinsu 'yan ƙalilan ne, Yunfa kuwa ya zo da barade da 'yan lifidi, amma 'yan baka suka tarwatsa su. Ba abin mamaki ba ne idan aka duba. Gwanin baka zai saki kibau da dama kafin ɗan bindiga ya gama ɗuri ɗaya. Kibiyarsa na ɗauke da dafin kwankwani, ko ƙwarzane ta yi ta isa. Kayan aikinsa duka a dajin gida suke: itacen baka, kyauron kibiya, tsirkiya, da ɗan ƙarfen da maƙerin ƙauye zai ƙera masa. Ba ya jiran ayarin da zai taso daga Tarabulus.

Shaida mafi ƙarfi da muke da ita a kan wannan ta fito ne daga baƙo, wato Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda mutanenmu suka sani da suna Abdullahi. Ya zo Sakkwato a 1824, cikin tsarabar da ya kawo wa Bello har da bindigogi masu ado da azurfa da gwangwanayen albarushi. A wasiƙar da Bello ya ba shi zuwa ga Sarkin Ingila George na Huɗu, ya nemi a aiko masa da igwa biyu tare da albarushi da harsasansu. Bello malami ne mai hangen nesa, ya san igwa ba albarushi gungumen ƙarfe ce kawai.

Da Clapperton ya dawo a 1826, sai ya tarar ana shirin yaƙi da Gobirawa, ya bi runduna zuwa Konya cikin watan Oktoba. Ya ƙiyasta mayaƙan da suka kewaye garin da dubu 50 zuwa dubu 60. Wataƙila ya ɗan ƙara gishiri, domin ƙirga taro da ido ba abu ne mai sauƙi ba. To amma bindigogin ya iya ƙirga su, don ba su wuce 42 ba. Ya ce duk a hannun bayi suke, babu ɗa ko ɗaya da ya riƙe bindiga, kuma kowane ya harba sai ya sheƙa da gudu ya fita daga inda kibiya ke kaiwa, sannan ya tsaya ya sake ɗuri. Duk lokacin da na karanta wannan wuri sai na yi murmushi, domin har yau sunan da muke kiran irin wannan bindiga ke nan, harba-ka-ruga. Su kuwa Gobirawan da ke cikin gari bindiga ɗaya tak gare su, amma ita ce ta kayar da na gaban 'yan lifidi daga kan dokinsa, harsashi biyu suka shige shi a ƙirji, lifidin bai tare komai ba. Ba a ci garin ba a wannan fita.

Abu biyu na gani a labarin Konya. Na farko, bindiga guda a bayan ganuwa, a hannun wanda ya natsu ya bari abokin gaba ya matso, ta fi arba'in a fili a hannun masu harbi suna gudu. Na biyu, raini. Ɗan sarauta da takobi da mashi da doki aka san shi, bindiga kuwa makamin bawa ce, mai hayaƙi da baƙin toka. Wannan raini ya daɗe, kuma an biya kuɗinsa daga baya. Bello dai bai raina ta ba. Da ya gano Clapperton na ɗauke da tsaraba har da makamai zuwa ga Shehun Barno al-Kanemi, alhali ana yaƙi tsakaninsu, sai ya sa aka karɓe su. Baturen ya rasu a Sakkwato cikin Afrilun 1827 yana jin haushin abin.

A nan ya kamata in ɗan tsaya in bayyana wa wanda bai sani ba dalilin da ya sa jarumin littafinmu ba zai iya wancan harbi na goshi ba. Adaka ta baki ake ɗura ta. A zuba albarushi, a danna tsumma, a jefa harsashi, a sake dannawa da sandar ɗuri, sannan a zuba ɗan albarushi a gefe inda ƙanƙarar ƙyastu za ta ba da tartsatsi idan an ja kunama. Cikin bututunta sumul yake kamar cikin gora, harsashin kuma dole ya fi ramin ƙanƙanta don ya shiga, saboda haka idan ya tashi fita yana karo da bango hagu da dama, inda ya yi karon ƙarshe shi ke yanke masa hanya. Ga shi ɗurin yau ba daidai yake da na jiya ba, domin da ido da tafin hannu ake awo. Albarushin kansa, haɗin gawayi da farar wuta da wani irin gishiri, wani ya fi wani ƙarfi, da damina kuma ya sha raɓa ya ƙi tashi. Idan aka haɗa waɗannan duka, abin da ya wuce taku sittin ko saba'in sai dai a ce Allah Ya ba da sa'a.

Shi ya sa da Bello ya tashi tsare gabas da arewacin Sakkwato daga harin Gobirawa da Azbinawa, ganuwa da mutane ya dogara da su. A ƙarshen shekarun 1820 ya kafa Wurno a kan tudu mai kallon fadamar gulbin Rima, ya mai da ita ribaɗinsa, ya zaunar da jama'a su yi noma su yi karatu su yi tsaro. Haka aka jera garuruwan ribaɗi irin su Gandi da Lajinge da Shinaka ta wajen Goronyo, inda ɗansa Aliyu Babba ya zauna, aka ɗora 'ya'ya da 'yan'uwa a kansu. Rabah ita ma gidan zuriyarsa ce, daga can Abubakar Atiku na Rabah ya fito ya zama Sarkin Musulmi daga 1873 zuwa 1877. Bello ya ci babbar nasararsa ta ƙarshe a Gawakuke a 1836, ya rasu a Wurno a 1837, kuma can hubbarensa yake, Allah Ya ƙara masa rahama.

Gabas da waɗannan garuruwa akwai dajin Gundumi. Ina so mai karatu ya riƙe wannan suna. Tun wancan zamani daji ne da matafiya ke tsoro, ga ƙishirwa ga mahara. Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, ya ratsa shi a 1853 da tafiyar yini da kwana ba tsayawa, ya fito a galabaice ya iske Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya yi sansani a Gawasu yana shirin fita yaƙi da Gobirawa. Cikin dukan tsarabar da ya miƙa, abin da ya fi faranta wa Aliyu rai shi ne ƙananan bindigogi guda biyu masu ado, har ya riƙa kama hannun baƙon yana godiya. Daga nan Barth ya wuce Wurno ya zauna makonni. Shugaban daula mafi girma a wannan sashe na Afirka yana murna da ƙananan bindigogi biyu: wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda kayan ke da wuya a lokacin.

Abubuwa sun fara sauyawa daga wajen 1860, kamar yadda masanin tarihi Joseph Smaldone ya nuna a littafinsa kan yaƙi a Daular Sakkwato wanda ya fito a 1977. Jiragen 'yan kasuwar Turawa sun fara hawowa kogin Kwara, Etsu Masaba na Bida ya zauna a bakin hanya yana sayen bindiga da albarushi, yana kuma hana su wucewa arewa sai abin da ya ga dama. A Damagaram, Sarki Tanimu ya tara dubban bindigogi ta hanyar hamada, ya sa ana haɗa albarushi ana ƙera igwa a cikin Zinder. Sarakunan Kano da Zazzau suka kafa rundunonin 'yan bindiga na bayin sarki. Alu na Kano, wanda ya hau bayan basasa, har laƙabi ya samu da makami, Mai Sango, wato mashin nan mai dafi da maharban giwa ke ɗurawa a bakin bindiga. Wurno kuwa, inda Sarkin Musulmi Umaru ya karɓi Joseph Thomson a 1885, inda kuma Abdurrahman ya zauna a zamanin sarautarsa, tana can ƙarshen layi. Nesa da kogi, nesa da bakin hamada. Abin da ya iso ta sai wanda ya tsallake hannun na gaba, ko wanda aka aiko a matsayin gaisuwa.

Abin takaicin shi ne, a daidai shekarun da sarakunanmu ke fafutukar tara adaka, a Turai an riga an yi mata ritaya. Sun gano cewa idan aka yi wa cikin bututu zane mai murɗawa, harsashi zai fita yana juyawa kamar mazari, ya tafi a miƙe ɗaruruwan mitoci. A 1849 wani hafsan Faransa mai suna Minié ya fito da harsashin da ya sauƙaƙa ɗurin irin wannan bindiga. A shekarun 1860 aka haɗe albarushi da harsashi da abin tayar da wuta a cikin kwanso guda na tagulla, ana sa shi ta baya, ruwa ba ya taɓa shi, kuma kowane ɗaya awonsa daidai da ɗan'uwansa domin inji ne ya auna. Sojan Ingila ya karɓi Martini-Henry a 1871. A 1884 Faransawa suka samo albarushi marar hayaƙi, a shekarar kuma Hiram Maxim ya fito da bindigarsa mai sarrafa kanta, mai aman harsashi wajen 500 zuwa 600 a minti guda. Daidaiton harbi da muke gani a fim daga nan ya samo asali: zanen cikin bututu, da kuma harsashin da kowane ɗaya tamkar ɗan'uwansa yake.

Da suka ga sun yi nisa, sai suka rufe ƙofa. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani da harsasansu a faɗin yankin da ya tashi daga digiri 20 arewa zuwa digiri 22 kudu, wanda ƙasar Hausa duka ke ciki, amma ta bar cinikin bindiga mai ƙyastu da albarushin kasuwa. An ce don a kashe cinikin bayi aka yi. Ko ma don me aka yi, sakamakon a fili yake: an bar mana wadda ba ta kaiwa nesa, an riƙe mai kaiwa. Wanda ya yi sa'a ya samu bindigar zamani ta bayan fage, sai ya tarar da sabuwar matsala, domin ba ta cin albarushin gida. Idan harsashinta ya ƙare ta zama sanda.

Mutum ɗaya a Afirka ta Yamma da ya fahimci wannan matsala sosai shi ne Samori Ture na ƙasar Mandinka. Ya sa maƙeransa suka koyi gyaran bindigogin Faransa har da kwaikwayonsu, ana tsince kwanson harsashi a fagen fama bayan an tashi, a kai wa maƙera su sake ɗura shi. Da wannan dabara ya yi ta fafatawa da Faransawa har 1898. A gabas kuma ga Rabeh, wanda ya ci Barno a 1893 da ƙaramar runduna mai horo da bindigogi, kafin Faransawa su kashe shi a Kusuri a 1900. (Kada mai karatu ya haɗa Rabeh ɗin nan da garin Rabah, kamar yadda na taɓa jin wani ya yi a muhawara, sunan ne kawai ya yi kama.) Sakkwato ba ta bi wannan hanya ba.

Ranar 15 ga Maris, 1903, aka ga sakamako a filin Giginya. Kano ta riga ta faɗi tun 3 ga Fabrairu. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, wanda bai fi wata biyar da hawa ba, ya fito bayan gari da dubban mahaya da dakaru, Marafa Maiturare na riƙe da sashe guda. Turawa kuwa sojansu ɗaruruwa ne, mafi yawansu ma 'yan ƙasa, har da Hausawa, amma suna da Maxim huɗu da igwa. Ba a kai awa biyu ba aka tashi. Jarumtaka ba ta yi ƙaranci ba a ranar, domin akwai waɗanda suka tsaya a gindin tuta har aka kashe su ɗaya bayan ɗaya. Matsalar ita ce mai takobi da mai baka da mai adaka duk sai sun matso kafin su yi aiki, su kuwa waɗancan tun daga nesa suke zubar da mutane. A Burmi, ranar 27 ga Yuli na wannan shekara, inda Attahiru ya yi shahada, an samu an matso ɗin, kuma abin da ya kashe kwamandan Turawa Manjo Marsh kibiya ce mai dafi. A Satiru ma, cikin Fabrairun 1906, talakawa da gatura da fartanya suka afka wa sojan doki kafin su gama shiri, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin, har suka kama Maxim. Ba ta amfane su da komai ba. Ranar 10 ga Maris aka dawo aka shafe garin, aka kashe mutane wajen dubu biyu.

Bayan nan sai bindiga ta rabu gida biyu. Ta zamani ta koma bariki, adaka ta koma hannun maharba da 'yan bindigar sarki masu buga ta ranar hawan salla. Dokar makamai ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta tabbatar da wannan rabo: makaman yaƙi sai da izinin shugaban ƙasa, bindigar farauta ta zamani sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, mai ɗuri ta baki kuwa Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininta. Ƙera bindiga ko harsashi ba izini laifi ne. Masana'antar makamai ta gwamnati kuma aka kafa ta a Kaduna a 1964. Jikan Atiku na Rabah, wato Sir Ahmadu Bello, wanda aka haifa a Rabah ya kuma yi hakimcinta daga 1934, yana Firimiya a lokacin. Sarautarsa ta Sardauna sarautar yaƙi ce ta masu takobi da doki. Bindigar bariki ce ta kashe shi a gidansa na Kaduna ranar 15 ga Janairu, 1966, Allah Ya jiƙansa.

Maharbin ƙauye shi ya ci gadon adaka, kuma shi ne gwanin harbi na gaskiya da ƙasarmu ta sani, ko da yake har yau shugabansu Sarkin Baka ake ce masa, sunan bai koma na bindiga ba. Na san wani tsohon maharbi a wani ƙauye na ƙasar Rabah, ya daɗe da rasuwa. Bindigarsa maƙerin gari ne ya haɗa ta da bututun ƙarfen tsohuwar mota, an ɗaure ta da fata a wurare biyu. Albarushinsa a ƙaho yake ajiye shi, ba ya yarda kowa ya taɓa. Idan ya gama ɗuri sai ya zura sanda ya auna da yatsu abin da ya yi saura a waje, da haka yake sanin ko ya cika mata ciki. Ɗurin zabo daban, na gada daban. Na taɓa tambayarsa, na ce, “Baba, daga ina zuwa ina bindigar nan take kaiwa?” Ya dube ni ya ce, “Yaro, ai ba ita ke zuwa ba, ni ke zuwa.” Gaskiya ya faɗa. Gwanintarsa duka a sanɗa take. Ya san inda iska ke kaɗawa, ya ɗaura kan burtu a goshi ya durƙusa yana tafiya yana sunkuyar da kai kamar tsuntsun na kiwo, har sai ya matso inda ba zai kuskure ba, domin ya san harbi ɗaya gare shi. Yatsunsa biyu na hagu babu su, wata bindiga da ta fashe masa yana saurayi ta tafi da su, kuma ba shi kaɗai ba ne mai irin wannan tabo a cikin maharba.

Wani abin sha'awa shi ne a Amurka da wasu ƙasashen Turai akwai mutanen da suka mai da wannan aiki na tsohon abin nishaɗi, bisa dokar ƙasashensu. Masu gasar harbin nesa ne. Ba sa gamsuwa da harsashin kanti, sai su tara kwanson da suka harba, su wanke, su sake ɗura shi da hannunsu, suna auna albarushi a kan sikelin da ke rarrabe abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na giram ba, suna rubuta komai a littafi. Burinsu harbi biyar su faɗa cikin da'irar da ba ta fi kwabo ba daga yadi ɗari. Da tsohon nan da su duk abu ɗaya suke nema, wato ɗurin yau ya zama daidai da na jiya. Shi da yatsu yake nema don tukunyar gidansa, su da sikeli don kofin gasa.

To, mu koma Gundumi. Dajin da Barth ya ratsa da fargaba, wanda Bello ya jera garuruwan ribaɗi a bakinsa, shi ne ya sake zama maɓoyar mahara a zamaninmu. A Yulin 2018 aka kai hari Tabanni ta ƙasar Gandi a ƙaramar hukumar Rabah, aka kashe mutane fiye da talatin, dubbai suka yi gudun hijira zuwa Gandi. Ranar 17 ga Oktoba, 2021, aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, gwamnatin jiha ta tabbatar da mutuwar mutum 43. Wannan yanki ne na shinkafa da albasa da tafarnuwa, ga madatsar ruwan Goronyo da aka kammala a 1984, amma akwai shekarun da gonaki da dama suka kwana ba a noma su ba. Makamin maharan AK-47 ce, wadda gidan harsashinta ke cin 30. Ɗan banga da ya fito tare su kuwa, sau da yawa harba-ka-ruga ce a hannunsa, irin dai ta bayin da Clapperton ya gani a Konya. Giginya ce ake maimaitawa a ƙauyuka, sai dai wannan karon mai bindigar zamanin ba daga teku ya zo ba.

Saboda haka na fahimci masu cewa a bar kowa ya mallaki bindiga. A Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta fito fili ta ce jama'a su nemi lasisi, a 2024 kuma Sakkwato ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma tata. Wanda aka kashe wa ɗa a gona ba za ka yi masa wa'azin haƙuri ba. Amma ni inda hankalina ya fi karkata shi ne inda na Bello ya karkata a wasiƙarsa ta 1824, wato albarushi. Adaka rauninta a fili yake, amma mai ita ba ya buƙatar kowa. AK kuwa duk ƙarfinta, bawan harsashi ce. Babu maƙerin da zai zauna a gindin kalgo a Gundumi ya ƙera kwansonta da abin tayar da wutarta. Daga masana'anta suke fitowa, a ɗauko su a mota ko a babur, a ratsa garuruwa da shingayen bincike da su. 'Yan sanda sun sha nuna masu safarar da suka kama, har da mata, da ɗaruruwan harsasai a ɓoye cikin buhu ko jaka. A 2021 an gwada katse layukan waya da hana sayar da fetur a jarka a ƙananan hukumomin gabas, Wurno da Rabah da Goronyo na ciki, talaka ya sha wuya, harbi kuma bai tsaya ba.

Kowane kwanson harsashi yana da tambari a gindinsa, lambar masana'antar da ta yi shi, sau da yawa har da shekara, kamar yadda bindiga ke da lambarta a jiki. Akwai masu aikin karanta waɗannan lambobi. Wata ƙungiyar bincike mai suna Conflict Armament Research ta bi diddigin makaman da aka ƙwace a Zamfara da Katsina da Kaduna, ta fitar da rahoto a Janairun 2020. Ta tarar wasu sun fito daga rumbunan Libiya, waɗanda suka watse bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, wasu daga Kodebuwa, wasu bindigogin Turkiyya ne da aka shigo da su ta tashar jiragen ruwan Legas, wasu kuma daga rumbunan jami'an tsaron Nijeriya kanta.